Mota ta rikiɗa, ƙato ya miƙe: Transformers na biyu a bakin wani mai kallo na Waca

1. Gabatarwa

Manufar wannan ƙasida ita ce mu duba wani fim na Amurka, wato kashi na biyu na jerin Transformers, ta bakin wani saurayi da yake matuƙar son fim ɗin, alhali kuwa ba ya jin harshen da aka yi shi da shi. Saurayin ɗan ƙanwarmu ne, yana zaune a Waca, cikin gundumar Magarya ta jihar Damagaram, inda yake koyon gyaran babura da injinan ban-ruwa na masu lambu. Ya bar lakwal a aji shida. Faransancinsa na gaisuwa da lissafi ne, Ingilishi kuwa sai ƴan kalmomin da ke biyo kayan gyara daga Kano da Maigatari.

A wani hutu da muka je gida, da dare bayan an ci tuwo, ya kwashe labarin fim ɗin tun daga farko har ƙarshe, yara sun kewaye shi kamar masu jin tatsuniya. Kashegari muka roƙe shi ya sake, muna rubutawa. Daga nan ne muka ɗauko misalan da mai karatu zai gani. Mun san bakin mutum ɗaya ba ya zama hujja a kan karin harshen gari guda, saboda haka a ɗauki abin da za mu faɗa a matsayin shimfiɗa, wadda ɗalibai za su iya gwadawa da wasu masu kallo.

Dalilin da ya sa muka ga abin ya cancanci takarda shi ne, kowace shekara muna tura ɗalibai ƙauyuka su naɗo tatsuniya daga bakin tsofaffi, alhali a ƙofar gidajen da suke shiga akwai samarin da ke ba da labarin fim na sa'a guda cur ba tare da sun yi tuntuɓe ba, kuma babu mai naɗar su. Nazarin da aka yi kan kallo a ƙasar Hausa, kamar na Brian Larkin (1997, 2008) da na Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, ya fi karkata ga finafinan Indiya da na Kano, kuma ya fi duba abin da masu shirya fim suka aro. Mu abin da ya dame mu shi ne abin da nahawun Hausa yake yi idan aka ɗora masa irin wannan kaya.

2. Fim ɗin

Transformers: Revenge of the Fallen ya fito a watan Yuni na 2009, shekara biyu bayan na farko, kuma Michael Bay ne ya ba da umarni a dukansu. Asalin abin kayan wasan yara ne da kamfanin Hasbro ya fara sayarwa a Amurka a 1984, bisa samfurin kamfanin Takara na Japan. An kashe wa fim ɗin kimanin dalar Amurka miliyan 200, ya kuma tara fiye da miliyan 830 a gidajen silima na duniya, duk da cewa masu sharhi sun yi masa kaca-kaca, har a 2010 aka ba shi kyautar Razzie ta fim mafi muni na shekara.

Mu mun gan shi da Faransanci, kuma ba za mu ɓoye ba, muna tare da masu sharhin. Tsawonsa sa'a biyu da rabi, zubinsa kuwa kamar zanen da aka haɗa da ƙyallaye. Wasu halittun ƙarfe daga wata duniya, ƙungiya biyu masu gaba da juna, suna ɓuya a doron ƙasa cikin siffar motoci da jirage. Wani yaro, Sam, ya taɓa wani guntun ƙarfe, sai wasu haruffa suka cika masa kai. Daga neman ma'anar haruffan aka koma neman wani mabuɗi, daga mabuɗin aka koma ga wani inji da aka binne cikin dalar Masar, wanda in an tashe shi zai cinye rana. Kowane abin nema sai an kawo wani ya tsaya ya yi dogon bayani a kansa, sa'an nan a manta da shi. An san cewa yajin aikin marubutan fim na Amurka, daga Nuwamba 2007 zuwa Fabrairu 2008, ya faɗo daidai lokacin shirya labarin, kuma alamar haka tana ko'ina.

To, shi ɗanmu duk wannan bayani bai shiga kunnensa ba. A wayarsa ya kalla, daga wajen masu tura finafinai a kati, da Ingilishi, ba fassara. Ya kalla har ba ya iya ƙidaya sau nawa. Abin mamaki shi ne labarin da ya fito daga bakinsa ya fi na fim ɗin tsari: an kashe babba saboda ya kare yaro, yaro ya tafi neman maganin da zai tashe shi, ya sha wuya, ya samo, babba ya tashi ya rama. Ƙurar da Sam ya ɗure a cikin safa, shi a wajensa ƙullin magani ce. Barkwancin batsa da aka cusa nan da can, duk ya tsallake shi, ko don kunyar kawu ko don bai ga amfaninsa ba. Da muka ce masa fim ɗin ba shi da kan gado, sai ya ce: "Kawu, ku magana kuke kallo, mu ƙarfe muke kallo." Wannan amsa ba ta wasa ba ce a bakin wanda ke wuni yana kwance inji yana ɗaurawa. Ya nuna mana yadda ƙafar mota take komawa kafaɗa, yadda ƙofa take zama ƙirji, kuma dole mu yarda cewa masu zanen kwamfuta na Industrial Light & Magic sun yi aikin da marubutan ba su yi ba.

3. Sunan abin

Matsala ta farko ita ce me za a kira su. Sunan fim ɗin kansa ya riga ya sami mai shi a Hausa, domin taransifoma ita ce tukunyar wutar lantarki da ke bisa turke. Gidajen rediyo sukan fassara robot da mutum-mutumi ko butum-butumi. Ɗanmu bai yi amfani da wannan kalma ba ko sau ɗaya, kuma da muka miƙa masa ita ya yi dariya. Dalilinsa a fili yake ga duk wanda ya tashi a gona: mutum-mutumi shi ne tsumman da ake kafawa don korar tsuntsaye, ninkin da ke cikin kalmar yana nufin kama da mutum ba tare da rai ba, kuma babban halinsa shi ne rashin motsi. Yakan ce robo, daga Faransanci, idan yana magana a kan jinsinsu gaba ɗaya. A cikin zafin labari kuwa ƙato yake cewa, jam'i ƙatti, wani lokaci Samudawa.

Sunayen ɗaiɗaiku ya raɗa musu nasa. Optimus Prime shi ne akta, wato tauraro, Sam kuwa, wanda masu fim suka ɗauka shi ne tauraro, yaron kawai ake ce masa. Megatron bos ne, wani lokaci shef-bandi. Kalma ɗaya ta shigo ta Najeriya, ɗaya ta Faransanci, kuma duka biyu suna zaune lafiya a bakin mutumin kan iyaka. Wanda ya fi burge mu shi ne Bumblebee, motar nan ruwan ɗorawa, da ya mayar Bebe. Sunan ya yi kama da na asali a kunne, sa'an nan ya dace da halin mai shi, tunda a fim ɗin muryarsa ta lalace, sai da guntayen maganganun rediyo yake isar da saƙo. Kwamitin ƙirƙirar kalmomi zai yi zama uku bai samo irin wannan ba.

Aikatau kuwa bai yi jinkiri a kansa ba: rikiɗa. Ƙananan yaran da ke wurin canza suke cewa, yana gyara musu. Rikiɗa aikatau ne na aji 3 a tsarin Parsons (1960), ba ya ɗaukar karɓau, kuma abin da ya rikiɗa shi kansa ne ya sake kama gaba ɗaya, da wani ƙarfi na cikinsa. Ana canza riga, ana canza taya, amma kura da hawainiya da aljani su ke rikiɗa. Kalmar tana ɗauke da zargi, domin a al'adarmu mai rikiɗa ba abin amincewa ba ne, kuma idan aka ce mutum ya rikiɗe, da aji 4, ana nufin ya juya ya zama wani abin tsoro. Mun lura aji 4 ɗin ya ajiye shi ne don Alice, budurwar jami'a da ta bi Sam har ɗaki, ashe ƙarfe ce cikin fatar mutum. A nan yaran suka yi tsit, domin sun san wannan labari tun kafin fim: shi ne na ɓaunar da ta zama budurwa ta auri maharbi don ta ji asirinsa, kuma ɗan'uwan na dodon da ya ari gaɓoɓi ya zo neman yarinyar da ta ƙi mazan gari, wanda Görög-Karady da Seydou suka tattara ire-irensa a La fille difficile (2001).

4. Jinsi: ina "ta" take komawa "ya"?

Nan ne abin ya fi daɗi ga mai nazarin nahawu. Hausa tana tilasta wa mai magana ya zaɓi jinsi (genre grammatical) a gaban kowane aikatau idan aikau tilo ne. Mota mace ce. Ƙato namiji ne. Abu ɗaya ne kuma yake zama wannan ya zama wancan cikin ƙiftawar ido. Mai ba da labari da Barbarci ko Zabarmanci ba shi da wannan damuwa, tunda harsunan ba su rarrabe jinsi. Bahaushe kuwa dole ya yanke hukunci a kowace gaɓar jimla. Ga yadda ya kawo rikiɗar farko:

(1) Sai motar ta tsaya cak, ta rikiɗa, ta zama ƙato, ya miƙe zumbur, ya fizgo bindiga.

Wakilin sunan da ke gaban aikatau ya ci gaba da bin mota har zuwa kan zama. Da zarar an ambaci ƙato, sai jinsi ya juya, ba tare da an sake kawo wani aikau ba. Wato sunan da ya cika zama shi ne ya ƙwace ragamar jimla. Idan da abin nahawu ne tsantsa, sai mu sa ran ganin haka a kishiyar hanya, wato in ƙato ya zama mota, ta ta karɓa. Ga abin da muka samu:

(2) Sai ya durƙusa, ya naɗe hannuwansa, ya zama mota, ya ɗauki yaron ya gudu da shi.

A nan jinsi bai juya ba. Mota ce ke gudu a kan hanya, amma ya ne har ƙarshe. Mun gwada masa jimlar da ta ɗauki yaron ta gudu, ya ce ai in an faɗi haka sai a zaci wata mota ce dabam ta zo. Abin da muka fahimta shi ne, a (1) mai labari yana tafiya ne da idon wanda bai san asirin ba tukuna, don haka mota mota ce har sai ta tona kanta. Da zarar an san akwai mai rai a ciki, jinsin mai ran ne ke riƙe da labari, siffar mota kuwa ta zama rigar aro. Shaida ta biyu tana cikin zaɓin zama da koma. Bayan rikiɗar farko, duk lokacin da aka tashi daga mota zuwa ƙato, ya koma ƙato yake cewa, daga ƙato zuwa mota kuwa ya zama mota. Gaskiya ne koma tana iya ɗaukar ma'anar zama a wasu wurare, kamar a ya koma kamar mahaukaci, amma yadda ya raba musu aiki a nan bai bar shakka ba game da wace siffa ya ɗauka ita ce asali.

Akwai wuri ɗaya da ta take dawowa, wato idan ya bar labari ya shiga yabo:

(3) Kawu, da kun ga motar nan, ruwan ɗorawa ce, tana sheƙi, in ta tashi ba mai kamo ta.

A nan bakanike ne ke magana a kan Chevrolet Camaro, Bebe ya ɗan koma gefe. Jimla biyu bayan haka, da aka dawo fagen fama, ya ya dawo.

Game da akta kuwa, wata dabara ya yi wadda ba mu gane ba sai da muka sake karanta abin da muka rubuta. Optimus babbar mota ce ƙirar Peterbilt, mai dogon hanci. Hausar yankin tana da tirela da babbar mota, dukansu mata, tana kuma da kamyo, namiji, daga Faransanci. A maganarsa ta yau da kullum duka uku yana faɗa. Amma a kan Optimus kamyo kaɗai ya yi amfani da shi, ta yadda babu inda aka ce wa babban jarumi ta. Kalmar aro ce ta fid da shi daga kunya. Megatron, wanda siffarsa ta tankar yaƙi ce, bai sami wannan gata ba, sai dai shi ma ba a taɓa barin tanka ta zama aikau ba, kullum bos ne a gaba. Masu siffar jirgin sama, kamar Starscream da tsohon nan Jetfire, ba su kawo wata wahala ba, tunda jirgi namiji ne.

Kishiyar matsalar tana wajen Arcee, wadda a fim ɗin mace ce, amma siffarta babura uku ce, babur kuwa, ko moto kamar yadda muke cewa, namiji ne. Ɗanmu ya ya ce mata daga farko har ƙarshe, kuma da muka gaya masa mace ce bai yarda ba sai da ya koma ya saurari muryar. Laifin ba nasa ba ne. Fim ɗin bai ba ta lokacin da za a san ko wace ce ba, don haka nahawu ya cike gurbin da labari ya bari.

Adadi ma yana bin wannan hanya. Ga Devastator, wanda motocin gini da dama suke haɗuwa su tayar:

(4) Motocin suka taru, suka hau juna, suka zama abu guda, ya buɗe baki ya dinga haɗiyar ƙasa.

Idan muka waiwayi tatsuniya, za mu ga ba kasafai take jefa mai ba da ita cikin wannan hali ba. Ɓauna mace ce, budurwa take zama. Dodo da maciji maza ne, saurayi suke zama. Kamar dai al'ada ta riga ta daidaita jinsin mai rikiɗa da na abin da zai rikiɗa ya zama. Babban togon shi ne namijin da ke zama kura da dare, kuma a namu kunnen, a can ma ya ne ke rinjaye muddin mai labari ya san ko wane ne, ta kuwa tana fitowa idan ana kallo da idon mutanen garin da kura ta firgita. Idan haka ne, to ɗanmu tsohuwar ƙa'ida ya ɗauko ya ɗora wa sabon kaya. Zai yi kyau wani ɗalibi ya gwada wannan fim da masu karin Zazzau ko Bauci, inda bambancin jinsi ya yi rauni, a ga ko da me suke nuna wace siffa ce ta asali.

5. Wa ya bugi wa?

Babban zargin da ake yi wa Michael Bay shi ne yana yanka hoto da sauri, yana kusanto da kyamara har mai kallo ya kasa gane wa ke dukan wa, balle da yake galibin miyagun launin toka ne. Ɗanmu ya musanta wannan da ƙarfi. Amma nahawunsa ya ba da shaida a kansa. Ga yadda ya kawo yaƙin ƙarshe na Masar, wanda ya ci babban kaso na fim ɗin:

(5) Aka kacame, aka yi ta bugawa, kwaram! kwaram! aka yi rugu-rugu da wurin.

Babu aikau ko ɗaya mai suna. Wakilin suna na a (impersonnel) ne ya ɗauke nauyin duka, amsa-kama kuwa ta cike sauran. Da muka tsare shi da tambaya wa ya harbi wa, sai ya ƙara amsa-kama. Ba mu raina wannan ba, domin amsa-kamarsa tana bin sautin fim ɗin sau da ƙafa, kuma haɗa sauti ne kaɗai fannin da aka sa fim ɗin takarar Oscar. To amma a gwada da yadda ya kawo faɗan daji, inda aka kashe Optimus:

(6) Su uku suka taso masa. Ya sare wa ɗaya hannu, ya tsaga kan ɗaya, yana waige yana neman yaron, sai bos ya zo ta baya ya soke shi, ya faɗi rigijib.

Kowane aikatau da aikau nasa da karɓau nasa, amsa-kama ɗaya tak, a inda ta dace. Wannan fage yana cikin waɗanda aka ɗauka da kyamarar IMAX, kyamara ta ja baya, ana ganin ƙatti daga kai har ƙafa a tsakanin itatuwa. A ganinmu shi ne kaɗai wuri a fim ɗin da abin da ke faruwa yake da nauyi, kuma a nan ne muryar ɗanmu ta sauka, yara suka daina motsi. Wanda yake so ya san inda mai ba da umarni ya yi aiki da inda ya yi hayaniya, ya ƙidaya aka a bakin mai son fim ɗin.

6. Samudawa

Masu sharhi sun yi ba'a da yadda fim ɗin ya ɗora Petra ta ƙasar Jodan kusa da dalar Giza kamar Waca da Dungas. Ɗanmu bai san sunan Petra ba. Abin da ya gani shi ne wata ƙofa mai tsawon gaske da aka sassaƙa a jikin dutse, da gawarwakin ƙatti a bayan bango, sai ya ce gidan Samudawa ne. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san Samudawa da sassaƙa gidaje a duwatsu, kuma a Hausa sunansu ya zama sunan duk wani mai girman da ya wuce misali. Abin lura shi ne bai yi nisa da gaskiya ba: al-Hijr ta ƙasar Saudiyya, wadda ake dangantawa da Samudawa, Nabatawan da suka sassaƙa Petra su ne suka sassaƙa kaburburanta. Da wannan kalma ɗaya ya ba wa labarin tushen da marubutansa suka yi ta kewaye ba su ba shi ba, wato mutanen farko masu ƙarfi da suka yi girman kai aka hallaka su. The Fallen, tsohon mugun da ya ci amanar ƴan'uwansa, bai sha wuyar samun wuri a wannan tsari ba. Sunan nasa dai yana da wuyar fassara, domin Ingilishi bai nuna ko faɗaɗɗe ɗaya ne ko faɗaɗɗu da yawa ba, Hausa kuwa sai ta zaɓa. Masu fassarar Faransanci sun gudu daga matsalar, suka ce La Revanche kawai.

7. Hasan da Usaini

Saura wani abu da ya hana mu barci a daren. Waɗanda ɗanmu ya fi so bayan akta su ne tagwayen nan, Skids da Mudflap, ƙananan motoci biyu, ɗaya kore ɗaya ja-ja, masu yawan faɗa da juna. Hasan da Usaini yake ce musu. Koren yana da haƙorin zinariya, don haka wani lokaci Alhaji yake kiransa, tunda a wajenmu haƙorin Makka alamar wanda ya sauke farali ne. Rigimarsu ta tagwaye ce, wautarsu ta ban dariya ce, kuma da ɗaya ya shiga cikin Devastator ya fasa masa fuska ya fito, yara har tafi suka yi.

To amma waɗannan tagwaye su ne suka jawo wa fim ɗin zargi mafi nauyi a 2009. An ba su manyan kunnuwa da fiƙaƙƙun idanu da haƙora a waje, an sa musu irin Ingilishin da ake kwaikwayon baƙaƙen unguwannin Amurka da shi, sa'an nan da aka nuna musu haruffan kakanninsu aka sa su amsa cewa karatu ba aikinsu ba ne. Mai kallo a Amurka ya san wannan hoto, domin tun ƙarni na 19 ake shafa baƙi a fuska a hau dandali a yi wa baƙar fata irin wannan ba'a. Haƙorin zinariyar ma a can yana cikin kayan ba'ar. Haka kuma fim ɗin ya buɗe ne da wasu mafarauta masu fenti a jiki, riƙe da masu, ana tattake su kamar kiyashi, ya rufe da sojojin Amurka suna dira a ƙasar Afirka da laima, mutanen wurin kuwa ba su da wani aiki sai gudu.

Kusan duk wannan cin fuska a cikin karin harshe yake zaune, karin harshe kuwa shi ne abu na farko da ke faɗuwa idan fim ya tsallaka iyaka ba fassara. Ko fassarar Faransanci da muka gani sai da ta nemo wata murya ta ɗora a wurin. Idan masu juya finafinai zuwa Hausa a Kano, irin su Algaita da suka yi suna da na Indiya, suka ɗauki irin wannan aiki, tambayar da za ta fuskance su ita ce da wane kari za su sa tagwayen magana. Mun san waɗanda aka saba ba wa wannan matsayi a wasanninmu: baƙauye, da Bafillace, da Bagwari, da mai Hausar Nijar idan a Kano ake wasan.

Mun yi ta shawara ko mu gaya masa. A gefe guda, abin da ya gina da Hasan da Usaini nasa ne, ya fi abin da aka ba shi tsabta, kuma ba mu ga ribar rushe shi ba. A ɗaya gefen, yaro ne baƙi da ya bar karatu a aji shida yake tafa wa hoton da aka zana don a yi wa irinsa dariya. Da safe muka same shi a rumfar da yake aiki, yana wanke kabireta da fetur a cikin gwangwani, muka yi masa bayani gwargwadon iyawarmu. Ya saurara bai katse mu ba. Da muka gama ya ce: "To Kawu, wanda ya yi muryar, baƙi ne ko fari?" Muka ce ɗaya baƙi ne, Reno Wilson, ɗaya fari, Tom Kenny, kuma farin ne ya yi mai haƙorin. Ya ɗan yi shiru, ya hura bututun kabiretar, ya duba ta a hasken rana.

Da dare yara suka sake taruwa suka ce a ba su na ƙatti. Ya ba su. Tagwayen suna nan, har da fasa fuskar Devastator, sai dai Usaini da Hasan kawai ya kira su, Alhajin bai sake fitowa ba.